Teburin Cocin da Na Haɗa a Ɗakin Mahaifina

Shekarun baya, a shekarar da aka hana acaɓa a Kano, lokacin da kowace babbar hanya akwai shingen sojoji, kuma ko baƙar leda mutum ya gani a gefen titi sai ya sake hanya, na karɓi wani aiki da har yau ban manta da shi ba.

Ni kafinta ne, sana'ar mahaifina na gada. Rumfata tana bakin titi, gidanmu kuma yana can cikin lungun Dukawuya, inda ko kurar dako ba ta shiga. Gado nake yi, da ƙofa, da benci, wani lokaci makara idan masallaci ya nema.

Ina da wani aboki mai sayar da katako a kasuwa. Bahaushe ne, Kirista, daga wani ƙauye a kudancin Kano. Mun daɗe muna hulɗa, shi ke ware min katakon da ya bushe sosai kafin kowa ya gani. Fasto nake kiransa don tsokana, alhali ko kusa ba fasto ba ne. Wata rana na je sayen katako ya ja ni bayan shagonsa, ya ɗaga wani tamfol. Katakon maɗaci ne, jajawur kamar hanta, mai faɗin da ban taɓa riƙe irinsa ba.

Ya ce iska ce ta kayar da tsohuwar bishiyar da ke ƙofar cocin ƙauyensu. Reshe ya fasa rufin, ya ragargaza teburin da malaminsu ke tsayawa a bayansa lokacin ibada. Bagadi suke kiran teburin. Dattawa suka ce tunda bishiyar ce ta karya shi, da jikinta za a yi sabo.

Na ce, “To ni kuma ina ruwana, Fasto? Sabon Gari cike take da kafintoci.”

Ya ce, “Cike take, amma duk ƙusa suke bugawa. Dattawanmu ba sa son ƙarfe a jikinsa. Kai kaɗai na sani mai fafe katako ya shiga cikin ɗan'uwansa ya zauna daram. Ka zo ƙauyenmu ka yi, tuwo ba zai gagare mu ba.”

Zuwa ƙauyen ne ba zai yiwu ba. Mahaifiyata tana kwance a lokacin, ƙafa da hawan jini, ba ta fita ko zaure. Kullum mata na shiga duba ta, domin ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu tun ina ƙarami, babu gidan da ba ta shiga ba a ranar kukansu. Ni ne ke juya ta, ni ke kai ta bayan gida. Na ce masa in dai zan yi, to a nan zan yi. Gaskiya katakon ne ya ja ni. Hannuna yana kansa muke maganar, na kasa ɗaukewa.

Ya kawo min zane a takarda, da lambobi da rubutun boko. A lokacin ban iya karanta ko harafi ba, sai daga baya na shiga ajin manya. Na mayar masa da takardarsa, na ɗauki gawayi na durƙusa a simintin shagonsa. Ban taɓa leƙa coci ba, don haka tambayoyina duk na ɗan birni ne.

“Hawa ake yi kamar mumbari?”

Ya yi dariya har da riƙe ciki. “Ka taɓa ganin an hau tebur ana wa'azi?”

“To zama ake a gabansa?”

“Tsaye. Ana ɗora littafi, da kofi, da farantin gurasa.”

Na sa shi ya miƙe ya yi kamar yana ɗora kofin, na auna daga ƙasa zuwa ƙugunsa. Na sa ya buɗe hannayensa iyakar buɗewa, na ƙara kaɗan, tsawon ke nan. Na zana ginshiƙai huɗu masu kauri, na rufe gaba da gefe, na bar baya a buɗe da ɗan kanta na ajiye kaya. A gefen saman na sa irin zanen igiya da mahaifina ke yi wa ƙofofin masu hali. Ya tsaya yana kallo, yana gyaɗa kai. Sai ya karɓi gawayin ya ja layi biyu a tsakiyar gaban, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance.

“Wannan kuma a sassaƙa shi ya fito.”

Gicciye ne. Amma na riga na ce to.

Rumfata ba wurin wannan aiki ba ne. Majalisa ce, daga safe har yamma akwai mai zama yana tambayar wa ya ba da aikin nan, wa zai yi aure. A shekarar kuwa ƙaramar magana takan tara jama'a kafin mutum ya buɗe baki ya yi bayani. Sai na riƙa ɗauko katakon ɗaiɗai a ka, ina kai shi gida, ina shigar da shi ɗakin mahaifina da ke rufe tun rasuwarsa. Ɗakin ƙasa ne, ginin mutanen da, sai ka sunkuya kake shiga.

A can na yi aikin, ƙofa a kare. Duk sallamar da aka yi a zaure sai na tsayar da aikin. Na daina barin masu dubiya su wuce ta gefen ɗakin. Maƙwabcinmu, wani dattijo marini da ke aiki a Ƙofar Mata, bango ɗaya ne tsakaninmu, ya tare ni wata safiya.

“Kai, ƙwanƙwasar me nake ji a ɗakin marigayi? Ko ya dawo ne?”

Na ce, “Tebur ne, Baba.”

“Teburin da ake yi wa kulle kamar amarya?”

Na yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Mahaifiyata ma da ta tambaya, abin da na ce mata ke nan, tebur ne.

Aikin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Na fafe kowane ginshiƙi, na shigar, na zuba gam, na ɗaure da igiya har ya kama. Ko allura ba ta shiga mahaɗin. Gicciyen na bari ƙarshe, na sassaƙa shi kunnena yana zaure. Da na goge na shafa mai, jan katakon ya fito har ɗakin ya yi kamar an kunna fitila.

Na zaɓi hantsi don fitarwa, lokacin da maza sun tafi kasuwa, lungu ya yi shiru. Abokina ya zo da 'yan dako biyu, ya bar a-kori-kura tana jira a bakin titi. Muka ɗaga teburin muka nufi ƙofa. Ya ƙi fita.

Muka kwantar da shi ta gefe, ya ƙi. Muka miƙar da shi tsaye, ya bugi saman ƙofa. Na cire ƙyauren, na kankare ƙasar gefen, duk da haka saura da yawa. Na auna ƙugun mutum, na auna buɗewar hannunsa, na auna lokacin da kowane maƙwabci ke fita da dawowa. Ƙofar ɗakin da aka haife ni a gabansa ce kawai ban auna ba.

Ɗaya daga cikin 'yan dakon ya share gumi ya ce, “Maigida, a ciki ka haife shi, a ciki zai tsufa.”

Fasa bango na nufin kiran duk unguwa kallo, kuma bangon ba nawa ni kaɗai ba ne. Abokina ya dube ni, na dube shi. Na ɗauko zarto. Da hannuna na yanke mahaɗan da na kwashe makonni ina fafewa. Shi ya juya baya bai kalla ba.

Muka jera su: gaban a kife don gicciyen ya kalli ƙasa, saman a kansa, ginshiƙan a gefe. Na naɗe da tabarma, na ɗaure da igiya a wuri uku, kai da tsakiya da ƙarshe. Maɗaci nauyi gare shi, babu wurin kamawa, sai na ce a ɗora a kan tsanina, kowa ya ɗauki kusurwa ɗaya a kafaɗa. Ni da nake yi wa masallaci makara, ban ga abin da na haɗa ba. Tsoro ya rufe min ido.

Ba mu yi nisa da zaure ba wata maƙwabciya ta leƙo daga ƙofarta. Ta ga abu mai tsawon mutum, naɗe da tabarma, a kafaɗar maza huɗu, yana fitowa daga gidan da kowa ya san tsohuwa na kwance. Ta ɗora hannu a ka.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Inna ta tafi!”

Kafin na yi wani abu, ƙofofi sun fara buɗewa. Mazan da nake cewa sun tafi kasuwa, ban san daga ina suka ɓullo ba. Tela ya bar kekensa, mai shayi ya bar tukunyarsa. Kun san al'adarmu, ba a barin makara a kafaɗa ɗaya, kowa so yake ya samu ladan ɗauka. Wani ya zame ɗan dako ya sa kafaɗarsa, wani ya zame abokina, wani ya dafa ni ya ce, “Sannu, bari na karɓe ka, Allah Ya ba ka haƙuri.” Ina ji ina gani aka raba ni da tsanina. Ina biye a baya ana ta yi min ta'aziyya.

Na ji wani daga cikin masu ɗaukar ya ce da na kusa da shi a hankali, “Ikon Allah, Inna da ba ta da jiki, ji nauyi.”

Maimakon titi, sai suka karkata zuwa ƙofar masallacin unguwa, suka sauke, suka daidaita shi da alƙibla. Wasu suka kama alwala. Na waiwaya na hango abokina ya manne da bango, fuskarsa ta yi fari fat. Jama'a sai ƙaruwa suke yi.

Liman ya fito yana gyara rawani. Ya kama hannuna. “Allah Ya jiƙanta. Amma ya aka yi haka babu sanarwa? Wa ya yi mata wanka?”

Na ce, “Malam, ba gawa ba ce.”

“Me ka ce?”

“Ba gawa ba ce. Inna tana nan.”

Na ga ƙafafu suna ja da baya daga tabarmar. Wani ya ce, “To mene ne a ciki?” Wani ya ce, “Waye wancan baƙon?” A daidai lokacin 'yan dakon nan biyu suka ga babu alheri, suka zuba da gudu. Gudun nan shi ya ɓata komai. Wani ya ambaci bam, rabin mutane suka watse suna ture juna, takalma a zube. Waɗanda suka tsaya kuma suka tare bakin lungu. Wani ƙaton mutum da ban san shi sosai ba ya shaƙo wuyan rigar abokina.

Na riƙa cewa, “Katako ne, wallahi katako ne,” amma babu mai ji na. Na san idan ba a buɗe ba, za a kashe shi a kan bam, idan aka buɗe kuma ga gicciye.

Dattijon nan marini ne ya matso. Ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, ya yanke igiyoyin da shuɗɗan hannayensa, ya yaye tabarmar. Ya ɗaga saman ya jingine. Aka ga katako, aka fara sauke numfashi, har wani ya yi dariya. Da a nan ya tsaya da shi ke nan. Sai ya kama gaban da na kife, ya juya shi.

Gicciyen ya fito yana sheƙi a rana, a ƙofar masallaci, yana fuskantar sama.

Sai hayaniya ta ɓarke gaba ɗaya. “A ƙofar masallaci!” “Da kafaɗarmu muka ɗauko!” “Raini ne!” Wani ya taka katakon da ƙarfi, na ji ya ce ƙas, ya tsage daga sama har ƙasa. Wanda ya riƙe abokina ya buga shi da bango, hularsa ta faɗi, jini ya fito masa a leɓe. Ni yake kallo. Liman yana ɗaga hannu yana cewa a tsaya, muryarsa ba ta kai ko'ina. Na ga wani ya sunkuya yana neman dutse.

Ashe matan da suka ruga cikin gidanmu da kuka sun tarar da mahaifiyata zaune tana shan kunu. Ita ta tambaye su wa ya mutu, suka ce ke. Sai ga ta nan tafe, mata biyu sun riƙe ta, matar da ta yi watanni ba ta taka zaure ba. Mutane suka dare. Wasu ma da ba su ji an ce tana raye ba suka kama salati.

Ta kalli katakon, ta kalli gicciyen, ta daɗe tana kallona. Sai ta ce a kai ta wurin baƙon. Ta kama gefen rigarsa ta ja shi bayanta, ta tsaya tana haki.

“Wannan yaron ya shigo gidana ya gaishe ni a kan tabarmata. Baƙona ne.” Ta bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya. “Wanda ban wanke masa uwa ba, ko kaka, ko 'ya, ya matso ya karɓe shi.”

Babu wanda ya matso. Ƙaton nan ya sunkuyar da kai, ya goge hannunsa a riga. Mai dutsen ya sake shi ya faɗi. A nan ne muryar Liman ta samu shiga, ya ce kowa ya kama gabansa, kayan nan kuma a kwashe su daga ƙofar masallaci yanzu.

Babu wanda ya kama mana, kuma ban ga laifinsu ba. Ni da abokina muka riƙa ɗauka ɗaiɗai muna kaiwa titi muna dawowa. Abin da na kwashe makonni ina ɓoyewa a ɗaki, shi na ɗauka a ka tsirara, na ratsa lungu da shi, mutane tsaye a ƙofofinsu suna kallo. Duk taku ina jiran dutse a ƙeyata. Bai zo ba. Da muka gama lodi abokina ya shiga gaban motar, ya miƙo min hannu ta taga. Hannunsa sanyi ƙalau.

Bayan la'asar Liman ya kira ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce tebur dai tebur ne, amma alamar da na sassaƙa bai ga dacewar hannuna ya yi ta ba, kuma da na tambaya tun farko da ya faɗa min. Ya ce ɓoyon da na yi saura kaɗan ya sa jinin mutum a wuyan unguwa gaba ɗaya. Na ce na ji.

Mahaifiyata ta yi kwanaki ba ta ce min komai ba sai amsa gaisuwa. Ranar da ta yi magana ina juya ta ne. Ta ce, “Tebur ne, ko?” Ta ce, “Ubanka ko gadon yara zai haɗa, sai ya fara auna ƙofa.” Ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta bar duniya, shekara biyu bayan haka.

Na san wasunku za su tambaya ko halal ne ko haram, wannan ku kai wa malamai. Ban sake karɓar irin aikin ba, kuma in na ce muku na san ko imani ne ya hana ni ko tsoro, na yi ƙarya. Abin da na sani shi ne, ban ɓoye aikin don kare kowa ba sai kaina, kuma wanda ya sha dukan ba ni ba ne. Har yau idan na ga an ɗauko makara a lungu, ina sa kafaɗa kamar kowa, amma sai na fara tambayar wa ya rasu.

An ce wani kafinta a ƙauyen ya haɗa teburin da ƙusa, ya toshe tsagar da garin katako, suna amfani da shi. Ban taɓa ganinsa a tsaye ba sai a cikin ɗakin nan.

Abin da na rasa ba ya da wuyar ƙirgawa. Mahaɗa huɗu da ba za su sake kamawa ba. Tabarma ɗaya da tsani ɗaya, a ƙofar masallaci na bar su, ban koma ɗauka ba. Aikin ƙofofin masallacin da aka riga aka yi min alkawari, aka bai wa wani. Majalisar rumfata, wadda ta watse ta bar ni da benci biyu babu kowa. Gaisuwar dattijo marini, har ya rasu kai kawai yake ɗaga min. Da abokina. Muna gaisawa a waya idan Sallah ta zo ko Kirsimeti, amma tun ranar bai sake shigowa cikin ganuwa ba, ni kuma ban sake kiransa Fasto ba.